Jejin da ake ƙirga itatuwansa

Kasuwar duwatsu ce ta kai ni Tucson. Duk mai sana'ar duwatsu masu daraja, daga Jos har Mambila, ya san cewa daga ƙarshen Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu wannan birni na jihar Arizona a Amurka yake cika da 'yan kasuwar duniya. Tun 1955 aka fara baje-kolin, yanzu kuwa ya mamaye gari, otal-otal da rumfunan tamfol da filayen ajiye motoci duk sun koma kasuwa. Labarin ciniki na wata rana ne. Abin da ya hana ni sukuni tun da na dawo shi ne Asabar ɗin da na yi a jeji.

Masaukin da na fara sauka bai yi mini daɗi ba. A lokacin kasuwa kuɗin ɗaki ninkawa yake yi, ga ɗakin ba abin a zo a gani ba. Yaron da ke kan teburin karɓar baƙi ko ɗago kai bai yi ba da na gaishe shi, da na nemi rasit kuma sai ya turo mini da ɗan yatsa yana danna wayarsa. A garinmu ko mai shayi ba ya yi wa baƙo haka. Allah ya yi mini gyaɗar dogo ranar Juma'a, a masallacin da ke kusa da Jami'ar Arizona. Bayan an idar ina waya da gida, sai na ji an dafa kafaɗata, an ce, "Malam, daga ina?" Wani Alhaji ne ɗan Damagaram, ya daɗe a garin da iyalinsa. Kafin magariba ya kwashe kayana zuwa gidansa, Hajiya ta ajiye mini tuwon shinkafa da miyar kuka, na yi ta rantsuwar zan biya wani abu, ya ce in na sake ɗaga maganar zai ji haushina.

Shi ne ya ce gobe za mu shiga jeji da ɗansa. Na ce, "Alhaji, ni fa a arewacin Jigawa na tashi, wajen Maigatari. Hamadar da muke addu'ar Allah ya tsayar mana, ita zan biya kuɗi in kalla?" Ya ce in bari sai na gani.

Bayan asuba muka fita, da sanyi mai ratsa ƙashi. Ba mu yi rabin awa daga tsakiyar gari ba hanya ta fara hawa tana lanƙwasa ta wata mashiga tsakanin duwatsu da ake kira Gates Pass. Muna gangarawa ɗaya gefen na daina magana. Daga gindin dutse har inda ido ya ƙare, wasu dogayen itatuwa ne a tsaye, koraye, ba ganye ko ɗaya, jikinsu duk ƙaya, wasu sun ɗaga rassa sama. Wanda ya san shingen ƙerana da ake yi wa gonaki a Filato, to ya ƙaddara reshe ɗaya na ƙeranar ya yi kaurin turmi, ya miƙe ya wuce bene. Sunansu sawaro, kuma da sunansu aka kira wannan gandun daji, Saguaro. A duk duniya a wannan hamada ta Sonora kaɗai suke fitowa da kansu, wato kudancin Arizona da arewa maso yammacin Meziko da ɗan gefen Kalifoniya. Gandun kashi biyu ne, ɗaya gabas ɗaya yamma, birnin yana tsakiya. Tun 1933 gwamnati ta fara killace wurin, a 1994 aka ɗaga shi zuwa cikakken gandun ƙasa.

Kuɗin shiga dala 25 ne ga mota ɗaya, takardar tana aiki kwana bakwai. In ka juya shi zuwa naira sai gabanka ya faɗi. Abin da ya ba ni mamaki shi ne a bakin hanyar da muka bi, ta King Canyon, babu shinge babu mai gadi, amma Alhaji ya riga ya biya ta waya. Na tambaye shi wa zai sani in bai biya ba. Ya ce, "Ni zan sani, Malam." Kuma gaskiya ana ganin inda kuɗin ke tafiya. Duk mararraba akwai allo da ke nuna nisa, inda ruwa ya cinye hanya an jera duwatsu an gyara, kuma a duk tsawon tafiyar ban ga leda ko ɗaya ta maƙale a ƙaya ba.

Ɗan Alhaji, wanda a makaranta aka koya masa duk wannan, shi ya zama malaminmu. Ya durƙusa a gindin wata bishiya mai koren jiki ya ce, "Kawu, zo ka gani." Wani ɗan sawaro ne da bai wuce tsawon babban yatsa ba, ya ce wannan zai kai shekara goma. Ba ya rayuwa sai a inuwar wata bishiya da za ta kare shi daga rana da sanyi, in ya girma kuma sau da yawa yakan shanye ruwan mai rainon nasa har ta bushe. Reshen farko ba ya fitowa sai bayan shekara 50 zuwa 70, manyan da muke gani kuwa suna kai 150 har 200. Jikinsu a nannaɗe yake, in an yi ruwa ya buɗe ya ɗauka, in rani ya yi ya tsuke. Wani tsuntsu mai sassaƙar itace yana huda su ya yi sheƙa, in ya tashi ƙaramar mujiya ta gaji ɗakin. Duk shekara goma ma'aikata da 'yan sa-kai suna fitowa ƙidayar sawaro a filayen da aka ware, suna auna tsawo suna ƙirga rassa, kuma kiyasinsu ya nuna kusan miliyan biyu ne a gandun. Tono shi ba izini laifi ne a dokar jihar, har an dasa wa wasu ƙananan na'urori a jiki saboda masu sata su sayar wa masu ƙawata gidaje.

Ruwan da ke sauka a nan a shekara bai cika wuce milimita 300 ba. Alhaji ya ce bai ma kai na Damagaram ba. Sai dai nasu sau biyu yake zuwa, yayyafin hunturu da kuma hadarin Yuli zuwa Satumba, shi ya sa jejin ya fi namu duhu.

Mutanen da a cikin gari ba sa kallon fuskarka, a kan wannan hanya kowa sai ya gaishe ka. Tsofaffi ne da yawa, maza da mata, da sandunan tafiya bibbiyu. Da wani gutsuren ƙaya mai suna colla ya maƙale mini a idon sawu, wani dattijo ya hana ni sa hannu, ya zaro matajin kai daga jakarsa ya soka tsakanin fata da ƙayar ya fizge. Ya bar mini matajin ya wuce abinsa.

A kan wani gangare muka ga abin da har yau nake juyawa a raina. Mutane ne wajen goma, da safar hannu da dogayen ƙarafan haƙa, suna tumɓuke ciyawa daga saiwa. Ciyawa mai kyau, tushe-tushe, ta kai gwiwa, irin wadda in Bafulatani ya gani a watan Maris sai ya yi hamdala. Na kasa wucewa. Na tambayi wata tsohuwa mai furfura ko wa za su kai wa. Ta ce ba kowa, kashe ta suke yi. Da ta ji daga Najeriya nake sai ta ce ai daga nahiyarmu ciyawar ta fito. Ciyawar bafal suke ce mata, kuma da na murza kanta a tafin hannu na ga kamannin, dangin ƙarangiya ce. A shekarun 1930 aka shigo da ita don kiwon shanu da hana zaizayar ƙasa, daga baya ta tsallake gonaki ta hau duwatsu, har a 2005 Arizona ta sa ta cikin jerin miyagun ciyayi.

Ta yi mini bayani a tsanake, tana jingine da ƙarfenta. A asalin wannan hamada, tsakanin tsiro da tsiro ƙasa ce tsirara, don haka ko tsawa ta kunna wuta ba ta samun abin bi. Ita bafal sai ta cike wannan fili, ta bushe, ta zama makamashi. In gobara ta tashi sawaro ba ya jure ta, itacen shekara 150 sai ya tafi a yini ɗaya, ciyawar kuwa da ruwan farko take tofowa daga saiwa, ta fi da yawa. Ko ba wuta ma, tana riga 'ya'yan sawaro shan ruwa. Ba a kiwo a cikin gandun, kuma ta ce ko da ana yi, shanu ba sa kashe saiwarta. Babu mai biyansu ko sisi. Asabar ɗinsu ce suka bayar.

Ba zan ɓoye ba, ganin abincin dabbobi ana danne shi da duwatsu ya ruɓe ya sosa mini rai. Na san farashin damin harawa a ƙarshen rani, na san rayukan da ake rasawa a kan burtali da makiyaya. Na faɗa wa Alhaji haka da muka ci gaba da hawa. Ya nuna mini wata bishiya mai ƙananan ganye da ƙaya, meskit, ya ce, "Mu ma ai an ba mu tasu." 'Yar'uwar wannan ce aka kawo Nijar daga nahiyar Amurka don tare hamada, ta je ta mamaye busasshen gefen Tafkin Cadi wajen Gigimi, ta toshe wa masunta da makiyaya hanya, awaki suna cin 'ya'yanta suna yaɗa irin. Waɗanda suka kawo ta da alheri suka nufa, kamar waɗanda suka kawo bafal nan.

Ni abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙidayar. Wa ya san yawan kukokin da suka rage tsakanin Gumel da Maigatari? Ƙiryar da kakanninmu suka tarar, a buhun gawayi take ƙarewa, ba wanda ya rubuta ranar da ta faɗi. Alhaji bai bar ni na zurfafa ba. Ya ce kada in raina mutanenmu, in je Maraɗi da kudancin Damagaram in ga sassaben zamani. Tun shekarun 1980 manoma suka daina sare tohon da ke fitowa daga kututture a gona, suna zaɓar mai ƙarfi su rene shi, har gawo da sauran itatuwa suka dawo a fili kusan hekta miliyan 5. Na yarda da shi. Wancan ma aikin hannu ne na haƙuri, irin na tsohuwar nan. Kuma a nan ma ba a kori masu ƙasa gaba ɗaya ba. Mutanen Tohono O'odham, waɗanda suke wurin tun kafin zuwan Turawa, har yanzu suna shiga gandun a watan Yuni su tsinki 'ya'yan sawaro da dogayen sanduna na haƙarƙarin mataccen sawaro, su dafa su yi maɗi, kuma daga wannan girbi sabuwar shekararsu take farawa.

Ƙarshen hawan yana da wuya, hanya tana kai da komo a jikin dutse, iska tana bugu. Ƙololuwar dutsen da muka hau, Wasson, mita 1,428 ce, ita ce mafi tsawo a duwatsun yammacin birnin, zuwa da dawowa kuma wajen kilomita 11. Daga sama Tucson tana shimfiɗe a gabas, bayanta dutsen Lemmon da farin ƙanƙara a kansa. A yamma akwai wasu manyan tafkuna masu kusurwa huɗu suna ƙyalli a tsakiyar fako. Ruwan kogin Kolorado ne da aka jawo ta magudana mai tsawon fiye da kilomita 500, ake zuba shi ya nutse ƙasa, sannan a zuƙo wa birni. Can nesa ana hango fararen ɗakunan kallon taurari na Kitt Peak. Muka ci dabino da gurasa, muka yi azahar muna fuskantar arewa maso gabas, domin nan alƙiblar garin take. Wasu matasa da suka iso suka tsaya daga nesa har muka sallame.

Da saukowa muka bi ta cikin busasshen rafi, inda mutanen Hohokam suka bar zane-zane a jikin duwatsu ɗaruruwan shekaru kafin Turawa su zo. Na tuna zanen duwatsun Birnin Kudu, da ƙarancin waɗanda suka taɓa zuwa ganinsa a cikinmu. Maciji mai ƙararrawa a wutsiya ba mu gamu da shi ba, sanyi ya sa sun lafe. Alhaji ya ce daga Mayu zuwa Satumba zafi yana haura digiri 40, mai hankali ba ya hawa sai da sassafe.

Lahadi ya kai ni gidan adana dabbobin hamada da ke daura da bakin hanyar, wanda aka buɗe a 1952. Yana da kyau, amma kuɗin shigar mutum ɗaya ya kusa na motarmu gaba ɗaya a gandu, ruwan gora kuma tsadarsa ta wuce misali. Litinin na koma rumfa, na wuni ina ja-in-ja da wani ɗan Jaipur ta Indiya a kan farashin dutsen tomalin, sai dab da tashin kasuwa muka daidaita. Alhaji da kansa ya tuƙa ni zuwa filin jirgin Phoenix, tafiyar kusan awa biyu, ya ƙi karɓar ko kuɗin mai.