Rawar gora a kan kiɗan hip hop

Jiya da dare na kalli bidiyon wasu matasa 'yan Filifin suna rawar tinikling a kan kiɗan hip hop, wallahi abin ya burge ni. Mutum biyu sun durƙusa suna buga dogayen gora biyu a ƙasa suna haɗa su, masu rawa na zura ƙafa tsakani suna zarewa kafin gorar ta datse musu idon sawu. Wata yarinya da hular hana-salla, ƙafa ba takalmi, ko sau ɗaya ba ta kalli ƙasa ba!

Rawar daga tsibirin Leyte da ke Filifin ta fito, kwaikwayon tafiyar tsuntsun tikling ce. Rawar hip hop ɗin ma 'yan Filifin sun iya ta sosai, ƙungiyar Philippine All Stars ta ci gasar duniya a Amurka a 2006 da 2008.