Tikitin Advance a Ingila da yadda ɗalibanmu ke asarar kuɗi a kansa

Wanda ya tashi a Ringim, Gagarawa ko Malam Madori ya san jirgin ƙasa, domin layin Kano zuwa Nguru ta ƙofar gidansa ya bi. Amma tafiyar da muka fi sabawa da ita ta tashar mota ce: ka biya ɗan kamasho, in wannan ta cika ta tashi ka shiga ta bayanta, ba wanda zai tambaye ka ƙarfe nawa ka yanki tikiti. Da wannan tunanin yaranmu da suka samu gurbin karatu a Ingila suke sauka, kuma shi ne yake cinye musu kuɗin da aka sayar da gero da riɗi aka haɗa.

A can, tikitin jirgin ƙasa iri uku ne a manya: Anytime (na kowane lokaci), Off-Peak (na lokutan da ba cunkoso) da Advance (na saye tun da wuri). Na ƙarshen ya fi araha nesa ba kusa ba, ana fara sayar da shi kamar mako 12 kafin ranar tafiya, farashinsa yana hawa yayin da kujeru ke ƙarewa. Sharaɗinsa ɗaya ne mai tsauri: jirgin da aka rubuta a kai, na wannan kamfanin, a wannan ranar, a wannan lokacin. Tikitin 14:20 ba ya aiki a jirgin 14:40, ko da babu kowa a tarago. Ba ya aiki a na 14:00 ma, don ka iso da wuri. Haka kuma ba a yarda ka hau a wata tasha ta gaba ba, ko ka sauka kafin inda ka biya, ko ka yada zango wurin ɗan'uwa ka ci gaba da yamma. Hana sauka kafin inda ka biya yana ba mutane mamaki, tunda a hankalce wanda ya sauka da wuri bai ci haƙƙin kowa ba, ni ma ina ganin dokar ta yi tsauri, to amma haka take a rubuce.

Idan mai duba tikiti ya same ka a jirgin da ba naka ba, kamar ba ka da tikiti yake ɗaukar ka. Ko dai ka sayi sabo a cikakken farashi, ko a ci ka tara. Tun Janairun 2023 tarar a Ingila fam 100 ce, ga kuma kuɗin tafiyar a kai, tana komawa fam 50 idan an biya cikin kwana 21. Kada a yi wasa da takardar, rashin biya yana kaiwa kotu, kuma ɗalibi mai biza ba ya buƙatar sunansa a can.

Batun mayar da kuɗi ne ya fi rikita mutane, saboda abubuwa uku ne daban ake cakuɗawa.

In kai ne ka fasa, ko rashin lafiya ce ko makara, ba a mayar da ko kwabo. Abin da ake yarda da shi canji ne zuwa wani jirgi ko wata rana, amma dole kafin lokacin tashin jirginka na farko. Za a iya cire maka har fam 10 a kowane tikiti, sannan ka cika bambancin farashi. In sabon ya fi araha, ragowar ba ta dawowa. Minti ɗaya bayan jirgin ya tashi, tikitin ya zama takarda.

In kuma kamfanin ne ya soke jirgin ko ya jinkirta shi, ka ga ba za ka yi tafiyar ba, kuɗinka duka za su dawo ba tare da an cire komai ba. Wurin wanda ya sayar maka za ka nema, wato shafin intanet ko manhajar da ka saya, ko da ba su ne masu jirgin ba.

Na ukun shi ne ka yi tafiyar amma ka isa a makare. Wannan diyya ce, sunanta Delay Repay, kuma kamfanin da ya jawo jinkirin ne yake biya. A mafi yawan kamfanoni, jinkirin minti 15 zuwa 29 yana kawo kashi 25 cikin 100 na kuɗin tikitin, minti 30 zuwa 59 rabi, awa ɗaya zuwa sama duka. Wasu sai daga minti 30 suke farawa. Kwana 28 kake da su. Mutane da yawa suna aika buƙatar diyya ga mai sayarwa, ko buƙatar mayar da kuɗi ga mai jirgi, a yi ta juya su har wa'adin ya wuce. Ka ajiye tikitin, ka ɗauki hotonsa kafin ka saka shi a ƙofar fita, domin na'urar takan haɗiye shi.

Akwai sassauci guda: idan jirgin farko ya makara har ka rasa na biyun da za ka canza zuwa gare shi, kana da damar shiga na gaba. Ka nemi ma'aikaci ya tabbatar maka kafin ka hau. Sai dai wannan sassaucin bai shafi jirgin sama ba, kuma a nan ne asarar ta fi yawa. Yaro ya tashi daga Kano ko Abuja, yayansa ya saya masa Advance na awa biyu bayan sauka a filin jirgin sama na Heathrow. Jirgin sama ya makara, layin shige da fice ya yi tsawo, ga jiran kaya, ga ratsa Landan zuwa tashar Euston in Manchester ko Birmingham za shi, ko tashar King's Cross in Leeds ne ko Newcastle. Kamfanin jirgin ƙasa ba ruwansa da duk wannan. Ranar sauka, ko a bar tazarar awa huɗu zuwa biyar, ko a daure a sayi Off-Peak wanda ba a ɗaure shi da jirgi ɗaya ba.

A lura da agogo ma. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacinsu daidai yake da namu, sauran watannin muna gabansu da awa ɗaya. Kuma 07:30 na safe ne, na dare 19:30 ake rubutawa.

Katin rangwame na 16-25 Railcard yana rage kashi ɗaya cikin uku, ɗalibi mai cikakken karatu yana samunsa ko ya wuce shekara 25. Amma in ka sayi tikiti da rangwamensa, dole katin ya kasance a hannunka kuma bai ƙare aiki ba a ranar tafiya. In a waya yake, cajin wayar ya mutu, tikitin ma ya mutu tare da shi.

Ga iyaye da yayye masu biya daga gida: ku zaɓi tikitin da ake aikowa ta imel ko waya. Wanda ake karɓa a na'urar tasha wani lokaci sai an saka ainihin katin bankin da aka biya da shi, katin kuwa yana aljihun Baba a Gumel. Kuɗin da aka mayar su ma katin da ya biya suke komawa, don haka a rubuta lambar sayen a ajiye a gida, a kuma tura wa yaron ita tun kafin ya bar Najeriya.