Ogan da ba ya tuna maganarsa

A ofishinmu akwai wani oga da ba ya taɓa tuna abin da ya faɗa. Da safe zai ce, "Malam, kai wa akanta fayil ɗin nan." Da la'asar kuma ya tsare ka a gaban mutane, wai wa ya aike ka?

Rantse-rantse ba ya tasiri a kansa, ƙara masa ƙarfi ma yake yi. Yanzu duk umarnin da ya ba ni, kafin in tashi daga kujera na tura masa saƙo ta WhatsApp: "Ranka ya daɗe, fayil ɗin kwangila za a kai wa akanta, ko?" Dole ya amsa, ko da "to" ne.

Masinjanmu, da yake bai iya rubutu ba, saƙon murya yake tura masa. Wannan ma ya fi ɓata wa ogan rai.