Gyara wa tsoho gida: a fara da hanyar banɗaki

Yawancin gidajenmu da ƙarfin ƙuruciya aka tsara su. Dokin ƙofa mai tsayi saboda ruwan damina, banɗaki can ƙarshen tsakar gida, katifa a ƙasa, masai na tsuguno. Mai shekara 40 babu ruwansa da wannan. Amma da zarar gwiwa ta fara ciwo, ido ya fara hazo, kowane ɗayansu sai ya zama wurin faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda suka kai shekara 65 yana faɗuwa a kowace shekara, kuma karayar ƙugu a wannan shekaru takan kwantar da mutum kwanciyar da ba kowa ke tashi ba.

In kuɗin ba su da yawa, a zuba su wuri guda: hanyar da Baba ko Inna ke bi daga shimfiɗa zuwa banɗaki da tsakar dare ko da asuba, ga magagin barci, ga duhu, ga fitsari ya matsa.

Shimfiɗar ita ce farko. Tashi daga katifar ƙasa yana bukatar ƙarfin cinya da tsoho ba shi da shi, gado mai tsayi da yawa kuma yana sa ƙafa ta yi reto. Awon da ya dace shi ne, in ya zauna a bakin gado, tafin ƙafarsa ya taka ƙasa sosai, gwiwa ta yi daidai da ƙugu ko ta ɗan yi ƙasa. Ga mafi yawan mutane wannan inci 18 zuwa 20 ne daga ƙasa zuwa saman katifa. Katifar ta zama mai tauri, don mai laushi nutsewa take yi. A kuma saba masa da zama na minti ɗaya a bakin gado kafin ya miƙe, musamman mai shan maganin hawan jini, saboda jirin da ke ɗibar mutum in ya tashi farat ɗaya.

Daga nan sai haske. Idon ɗan shekara 60 yana bukatar haske ninki biyu ko uku na abin da matashi ke bukata, wutar NEPA kuwa ba abin dogaro ba ce. A sa fitila mai caji inda hannu zai kai daga kwance, a kafa ƙananan fitilun sola masu kunna kansu in sun ji motsi, ɗaya a bakin ƙofar ɗaki, ɗaya a ƙofar banɗaki. A kawar da igiyar shanya, turmi, bokitai da wayar caji daga hanyar kafin a kwanta. Ledar ɗaki da bakinta ya naɗe da ƙaramin kafet mai zamewa, a like su ko a ɗauke su gaba ɗaya.

Banɗakin shi ne ya fi cin aiki. Tayil mai sheƙi in ya haɗu da ruwan sabulu ya fi komai santsi. A sa mai kaushi, ko a bar daɓen siminti da aka ja wa tsintsiya tun yana ɗanye. Inda ruwa ke kwanciya gansakuka ke fitowa, don haka a sa birkila ya gyara gangaren zuwa magudana. In ba za a iya sauya masai zuwa na zama ba, akwai kujerar da ake ɗorawa a kan ramin, mai tsayin inci 17 zuwa 19, kuma mai walda zai iya haɗa ta. A ajiye wata kujerar roba mai ƙarfi don wanka da alwala, a ɗora buta da sabulu a kan dakali, kada sai an sunkuya.

Ƙarfen dafawa a bango yana da amfani ƙwarai, amma a nan ake yawan yin kuskure. Bulo rami ne a cikinsa. In aka huda aka ɗaura da ƙananan kusoshi, zai zauna daram har ranar da mutum ya sakar masa nauyinsa duka, ran nan ne zai tumɓuke. A fasa wurin a cika ramin da kankare, ko a ratsa dogon noti ya ɓulla bayan bango. Kaurin fayif ɗin kamar inci ɗaya da rabi, tsayinsa daga ƙasa inci 33 zuwa 36. Bayan an kafa, wani ƙaƙƙarfa ya rataya a jikinsa a gani. Ƙofar banɗaki kuma ta riƙa buɗewa ta waje, da sakatar da za a iya zarewa daga waje, domin wanda ya faɗi a ciki jikinsa ne ke tokare ƙofar.

Dokin ƙofa da matakala a shafa wa bakinsu farin fenti. In ana amfani da keken marasa lafiya, faɗin ƙofa kada ya gaza inci 32, gangare kuma kowane inci ɗaya na tsayi yana bukatar ƙafa ɗaya ta tsawo. Wanda ya fi haka miƙewa, mai turawa ma sai ya sha wuya.

Ni a ganina ɗakin tsoho bai kamata ya zama na can ƙurya ba. A ba shi wanda ke kallon tsakar gida, inda zai ji motsin jikoki, a kuma ji shi in ya yi kira. Kujera mai hannu kusa da darduma tana sauƙaƙa salla a zaune ga wanda tsayuwa ta gagara. Tufafi, carbi, rediyo, magani da waya su zauna tsakanin ƙugu da kafaɗa, don ya ɗauki abinsa da kansa ba sai ya jira yaro ba.

Da bazara a ajiye ruwan sha kusa da gado, a riƙa tuna masa, domin jin ƙishirwa yana raguwa da tsufa, ɗakin kwano marar silin kuma yana tara zafi. Da hunturu kada a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Iskar da garwashi ke fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa cikin barci. A ɗumama ɗakin da taga a buɗe, a fitar da kaskon, sannan a ƙara bargo da safa.