Godiya bayan mako uku, da amsar tambayoyinku kan yakushin mage

Alhamdu lillahi. Jiya Auta ta karɓi allurarta ta huɗu, wadda ita ce ta ƙarshe. Ciwon kuncin ya kame, na hannun ma sai ɗan tabo. Magen tana nan lafiya lau, tana shayar da 'ya'yanta uku a cikin kwali. Mu ne dai gajiya ta yi wa rubdugu, don tun daren nan babu wanda ya yi cikakken barci a gidan. Ga wanda bai bi abin tun farko ba: mako uku da suka wuce, da dare, magen gidanmu ta yakushi yarinyarmu Auta a kunci da hannu, aka fara mata allurar rigakafin haukan kare.

Akwai mutum ɗaya da zan fara da shi, ko da yake na san ba zai ga wannan rubutu ba, sai dai a karanta masa. Baba mai ruwa, ɗan garuwan da ke turo kura layinmu. A daren famfo ya ƙafe, randa saura ƙasa-ƙasa, yarinya tana ihu jini na bin wuyanta. Ya tashi aiki yana hanyar komawa masauki da jarka biyu da ya rage wa kansa, ya ji kuka ya tsaya a ƙofa ya yi sallama. Da ya ji abin da ake nema bai tambayi komai ba. Ya ɗaga jarka ya riƙa tsiyayo ruwan a hankali, siriri, uwar tana cuɗa sabulu, har minti goma sha biyar suka cika a agogon waya. Jarka mai lita 25 ce, hannunsa na rawa amma bai sauke ba sai da ta ƙare ya ɗauko ta biyun. Da aka miƙa masa kuɗi ya ce: "Alhaji, ai jikata ce." Ya tura kurarsa ba ko ɗigon ruwa ya tafi. Allah Ya shayar da kai daga tafkin Alkausara, Baba. Allah Ya sa ka gama da duniya lafiya, Ya ba ka masu jin ƙanka ranar da ƙarfi ya ƙare.

Na daɗe a kan wankin nan ne domin shi ne magani na farko, kuma shi mutane suka fi rainawa. Ƙwayar cutar haukan kare a cikin yawu take, mage kuwa kullum tana lasar ƙafafunta, shi ya sa ba a raina yakushi ko da babu cizo. Sabulu yana lalata rigar kitsen da ke lulluɓe da ƙwayar, ruwa mai gudu kuma yana wanke ta daga cikin ciwon. Hukumar Lafiya ta Duniya minti goma sha biyar ta ce, a duba agogo, kada a ƙiyasta. Bayan nan a shafa aidin ko sifirit. Ba a sa toka, ba a sa barkono ko baƙin mai, ba a ɗaure ciwon tamau, kuma ba a gaggawar ɗinke shi. Sai asibiti a ranar, ba washegari ba. Idan karta ce kawai babu jini, allurar rigakafi ake farawa. Idan fata ta ɓare jini ya fito, musamman a fuska, wuya ko yatsu, inda jijiyoyi suka yi yawa kuma hanya zuwa ƙwaƙwalwa gajera ce, ana ƙara wata allura mai suna imunogulobulin da ake yi a kewayen ciwon kansa, ta tsare wurin kafin jiki ya haɗa tasa garkuwar. Tsarin da aka bi mana shi ne ranar farko, rana ta 3, rana ta 7, sai ta ƙarshe tsakanin rana ta 14 da ta 28. A dantse ake yi, ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara biyu a cinya. Ba a yin ta a ɗuwawu, don ba ta aiki yadda ya kamata a nan. A kuma tuna wa likita maganar allurar tetanus.

Yaya Babba, ka ce kada in ambace ka, ka yi haƙuri. Kai ka zaga kantunan magani har bayan sha biyun dare kana neman imunogulobulin ɗin nan, ka kawo ta cikin kula da ƙanƙara. Maman 'yan biyu, ke kika riƙe mana sauran yaran kwana uku, abincinsu da wankinsu. Nas ɗin da ke aikin dare, wadda ta zauna tana yi wa Auta tatsuniya har aka gama zagaye ciwon da allura, ban san sunanki ba amma Allah Ya sani. Malam Liman da jama'ar masallacin layi da suka sa mu a addu'a. Allah Ya saka wa kowa da mafificin alheri, Ya tsare muku zuri'a, Ya sa kada ku ga irin wannan dare a gidajenku.

Sai likitan dabbobin da ya zo gida ya hana a kashe magen. A ranar matasan layi har sun ɗauko sanduna. Wasu daga cikin dangi ma, waɗanda ba mu ga ƙeyarsu ba har yau, sun samu lokacin turo saƙon murya cewa a jefa ta rijiya, wai baƙar mage ba dabba ba ce. To, mun gode da shawara, Allah Ya bar zumunci. Dalilin likita shi ne wannan: kare ko mage da ke da ƙwayar a yawunta lokacin da ta ji wa mutum ciwo, za ta nuna alama ko ta mutu cikin kwana goma. Don haka ake killace ta a ɗaki da abinci da ruwa da bahon yashi, ana dubawa safe da yamma ko ta daina ci, ko yawu na dalala, ko ƙafafun baya sun saki, ko muryarta ta sauya. Idan aka kashe aka yar, an rasa shaidar. Idan kuma ta mutu a killace, ba a binnewa. A sanar da likitan dabbobi ya aika da kan cikin sanyi a gwada ƙwaƙwalwar, kamar yadda ake yi a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom kusa da Jos. Amma fa ba a jiran kwana goman kafin a fara allura, tare suke tafiya. Ciwon nan in ya riga ya bayyana a jikin mutum kusan babu mai tashi.

Da yawanku kun tambaya me ya sa magen da ta shekara uku a gida ta yi haka. Ba hauka ba ne, ba mugunta ba. Mai jego ce, 'ya'yanta kwana bakwai, an sa mata hannu cikin kwali daga sama, bayanta bango. Mage kuma galibi ba ta kai hannu sai ta yi gargaɗi, mu ne ba mu iya karantawa ba. Wutsiya za ta fara bugun ƙasa, fatar gadon baya ta riƙa motsi, kunnuwa su kwanta baya, baƙin ido ya buɗe, sannan huci ko gurnani. Duk wanda ya ga biyu daga cikin waɗannan ya janye hannu ya ba ta hanya. A koya wa yara shafa ta a kunci da ƙarƙashin haɓa da bayan kunne kawai, shafa uku ko huɗu a dakata a ga ko za ta sake kawo kai. Ciki da wutsiya ba wurin taɓawa ba ne, ko da ta yi rigingine. Haka nan in ta hango baƙon muzuru a kan katanga ta kumbura, kada a ɗauke ta, don wanda ke kusa shi za ta huce a kai. A bar ta ta sauko da kanta, wani lokaci sai an yi awanni.

Babban kuskuren da ake yi tun tana 'yar ƙarama ne, wasa da ita da yatsu. Tana wata biyu abin dariya ne, tana shekara ɗaya kuma hannun mutum ya zama ɓera a wurinta. A ɗaura tsumma ko gashin kaza a bakin igiya, igiyar a jikin sanda mai tsawon kamu biyu, a ja mata a ƙasa minti goma safe, minti goma yamma kafin abinci. In ta kama hannu, kada a fizge, fizga ce ke yaga fata kuma tana ƙara mata kuzari. A sandarar da hannun, in ta saki a tashi a bar mata wurin. Duka da watsa ruwa da tsawa ba sa koya mata komai sai tsoron mai gidan, kuma mage mai tsoro ita ce mai yakushi.

Masu kukan mage na kartar kujerun kushin da labule, wannan ba a hana shi, sai dai a sauya masa wuri. Tana karta ne don ta ɓare tsohon kwanson farce, ta miƙe jijiyoyin kafaɗa, ta kuma bar ƙanshinta, domin akwai wurin fitar ƙanshi a tsakanin yatsunta. Kafintan bakin kasuwa ya haɗa mana abin kartar cikin awa ɗaya, shi ma Allah Ya yi wa sana'arsa albarka. Katako ne mai tsawon santimita 90, an kafa shi a kan faifan katako mai nauyi, santimita 50 kowane gefe, aka naɗe shi da igiyar rama tamau tun daga ƙasa har sama. Buhun algarara ma yana yi. Abu uku ke sa mage ta ƙi shi. Ko ya yi gajarta ba ta iya miƙewa sosai, ko yana girgiɗi in ta jingina. Na uku shi ne a kai shi lungu. A ajiye shi daf da kujerar da take ɓatawa, ko kusa da inda take barci, don da ta farka take fara karta. Gefen kujerar a rufe shi da leda mai kauri ko a manna selotef mai gam ta waje na mako biyu zuwa uku. Duk lokacin da ta sa farce a igiyar, a ba ta ɗan guntun busasshen kifi nan take, cikin daƙiƙa biyu ko uku, in aka jinkirta ba za ta haɗa ladan da aikin ba. Wata magen ta fi son karta a kwance, ita sai a shimfiɗa mata kwali mai kauri.

Farce kuma ana rage shi duk mako biyu ko uku. Goma sha takwas ne, biyar-biyar a gaba har da na gefe da ake mantawa, huɗu-huɗu a baya. A jira tana jin barci, a matsa tafin a hankali farcen ya fito, a yanke ƙugiyar bakin kawai, kamar milimita biyu. Jan da ake hangowa a ciki jini ne da jijiya, in aka taɓa shi za ta yi ƙara, kuma ba za ta sake yarda ba. Farce biyu a rana ma ya isa a farko. Wani ya kawo shawarar a cire faratan gaba ɗaya. Wannan aiki yanke gaɓar ƙarshe ta kowane yatsa ne, an hana shi a Ingila da ƙasashe da dama, kuma magen da aka yi wa haka sau da yawa cizo take komawa.

Saura abu biyu da likita ya ja mana kunne a kai. Na farko, ko ciwo ya warke a riƙa taɓa hammata da wuya har mako uku, domin akwai wata ƙwayar cuta da ƙuma ke yaɗawa tsakanin maguna, tana maƙalewa a farce ta sa kaluluwa da zazzaɓi. In an ji kumburi a koma asibiti. Na biyu, wajen kashe ƙumar kada a kuskura a sa wa mage maganin kare mai sinadarin fametirin, ko fiya-fiya, suna sa ta farfaɗiya har ta mutu. Farasitamol ma guba ne gare ta, ko ɓari ɗaya. A nemi maganin da aka rubuta na mage ne. Rigakafin haukan kare kuma ana fara yi mata tana mako goma sha biyu, a riƙa sabuntawa yadda likita ya rubuta a kati. Tamu an yi sakaci ta wuce lokacinta, da an sabunta mata a kan lokaci da ba mu sha wannan fargaba haka ba. Muzuru a yi masa fiɗiya, yana rage yawon dare da faɗa da fitsari a bango.

Ya Allah, Kai Ka tsare mana yarinyar nan, ba wayonmu ba. Ka tsare 'ya'yan duk wanda ya kira, ya zo, ya aiko ko ya yi addu'a daga nesa. Waɗanda ke kwance a asibiti Ka ba su lafiya, waɗanda suka rasa nasu Ka ba su haƙuri.

Masu neman 'ya'yan magen, ku ƙara haƙuri. Yanzu makonsu huɗu, kuma a wurin uwa da 'yan'uwa suke koyon sassauta cizo da mayar da farce, wanda aka raba da wuri shi ke tashi da yakushi. Ba za su bar gidan ba sai sun cika mako goma sha biyu an yi musu allura. Biyu ne ma suka rage, don Auta ta riga ta ware mai farin wuyan ta ce na Baba mai ruwa ne, ya taɓa gaya mata ɓeraye sun dame shi a ɗaki.