Sa'o'in rana da manhaja ta ƙirga alhali gajimare ya rufe sama

Kafa firanomita, wato na'urar auna ƙarfin hasken rana, a kan rufi bai ba ni wata wahala ba. Na daidaita ta har kumfar awon ta tsaya a tsakiya, na nisanta ta daga inuwar bango, kuma da tsakar rana idan sama ta washe tana nuna kusan wat 1000 a kan kowane murabba'in mita, kamar yadda ake tsammani.

Abin da har yanzu yake ba ni haushi shi ne manhajar da aka haɗo da na'urar. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya tana ƙirga sa'o'in rana ne kawai idan hasken da ke saukowa kai tsaye daga ƙwayar rana ya haura wat 120 a kan kowane murabba'in mita, amma firanomita ba ta rarrabe wannan da hasken da gajimare da ƙura suka warwatsa a sararin sama, haɗa su take yi gaba ɗaya. Manhajar kuwa ta ɗauki wannan 120 ta ɗora a kan jimillar, don haka a yinin da gajimare ya rufe sama ruf, babu abin da ke da inuwa a ƙasa, sai ta rubuta mini sa'o'i masu yawa na rana, domin warwatsattsen haske kaɗai yakan wuce wannan iyaka cikin sauƙi. Tsohuwar na'urar ƙirga sa'o'in rana ta Campbell-Stokes, wadda ƙwallon gilashinta ke tattara haske ya ƙone kati, ba za ta yi wannan aika-aika ba, tun da haske marar alkibla ba ya taruwa wuri guda balle ya ƙone takarda.

Da manhajar tana adana awon kowane minti, da na sake lissafin da kaina. Jimillar yini kaɗai take ajiyewa, saboda haka alƙaluman wata da watanni suka tashi a banza, kuma takardar bayanin na'urar ko kalma ɗaya ba ta faɗa ba a kan wannan.

Yanzu na ƙara firanomita ta biyu a ƙarƙashin zoben da ke tare ƙwayar rana, don ta auna warwatsattsen haske kaɗai, ina cire awonta daga awon ta farkon don ya rage hasken kai tsaye, sannan na gyara sakamakon bisa tsayin rana a sama kafin na gwada shi da 120. Zoben yana buƙatar a riƙa matsar da shi a kai a kai, domin hanyar rana tana karkata arewa da kudu cikin shekara. Wanda zai sayi irin wannan na'ura ya fara tambayar a kan wane haske manhajarta take ɗora iyakar, kuma ko tana adana ɗanyen awo.