Ranar sabuwar shekara a Holm

1 ga Janairu, Stornoway, tsibirin Lewis a Scotland

Yau babu aiki, gari tsit, shaguna a rufe. Wata dattijuwa maƙwabciyata ta ce in sa rigar sanyi mai kauri in raka ta Holm, inda mutanen tsibirin ke taruwa duk shekara don tunawa da jirgin ruwan Iolaire da ya nutse a wurin a 1919.

Iskar wurin sai da ta sa idona ya yi ruwa. Daga kan tudu ta nuna mini duwatsun da jirgin ya daka, ga su nan dab da gaɓa, mai ƙarfin hannu zai iya jifansu da dutse. Wallahi kusancin ne ya fi tayar mini da hankali. Yawancin waɗanda ke cikin jirgin matuƙan sojan ruwan Birtaniya ne, 'yan ƙauyukan nan, an gama yaƙin duniya na farko a Nuwamban 1918, sun tsira, suna dawowa gida. Sun taso daga tashar jiragen ruwa ta Kyle of Lochalsh da daddare, mutum sama da 280 a jirgin da kwale-kwalen cetonsa na mutum 100 ne kacal. Wajen ƙarfe 2 saura na daren 1 ga Janairun 1919 ya bugi dutse, ana hango fitilun tashar Stornoway. Mutum 201 aƙalla suka rasu.

Ta ce a gidaje an yi gashin burodi, an fito da kayan sawa na maza an shanya kusa da wuta, kamar dai yadda ake shirin tarbar alhazai a gida. Da gari ya waye sai gawarwaki a bakin ruwan Sandwick, dangi na zuwa da amalanke suna neman nasu.

Akwai igiyar tagulla da aka ƙera a wurin a 2019, saboda John Finlay Macleod, wani kafinta ɗan Ness da ya faɗa ruwa da igiya ya kai gaɓa, mutum kusan 40 suka bi ta suka fita. Na tsaya ina karanta sunaye, Macleod, Macdonald, Morrison, suna ta maimaituwa. Ƙauye ɗaya, dangi ɗaya, an kwashe samarinsu a dare guda. Aka yi addu'a da yaren Gelik, ban ji ko kalma ɗaya ba, na yi tawa a zuci.

A mota ne ta buɗe baki sosai. Lokacin tana yarinya ba a zancen a gida ko kaɗan, dutsen tunawa na farko ma sai bayan shekara kusan 40 aka kafa. Binciken da aka yi a bainar jama'a a 1919 ya ce jami'an jirgin ba su yi taka-tsantsan ba wajen shiga tashar, ba su rage gudu ba. Rahoton rundunar sojan ruwa kuwa aka kulle shi har 1970. Wannan ya ba ni haushi ƙwarai. Yawancin iyayen da suka binne 'ya'yansu sun mutu ba su ga abin da aka rubuta a ciki ba.